Mu Daina Yi Wa Amurkawa Dariya

Daren jiya a fadarmu, ana kan shayi na biyu, wani abokina ya buɗe baki ya ce Amurkawa ba su san ƙwallo ba. Wai mutanen da ke rungumar wani abu mai siffar ƙwai su ruga da shi, su kira shi ƙwallon ƙafa, su kuma laƙaba wa tamu wani suna daban, wai soka. Fada ta kwashe da dariya, ni ma na dara. Sai da na kwanta abin ya dame ni: mu ƴan Maine-Soroa, da wace fuska muke yi musu dariya?

Gaskiya ne, tamola ba ita ce sarauniya a Amurka ba. Can ƙwallon kwando da besbol da nasu ƙwallon na ture-ture ne a gaba. Wasan ƙarshe na Super Bowl kaɗai mutum sama da miliyan 100 ke kallonsa. Da yawansu har gobe cewa suke tamola wasan yara ne, a yi minti 90 ba a ci ko ɗaya ba. To amma dubi abin da masu rainin nan suka yi. A 1994 sun karɓi gasar kofin duniya, sama da mutum miliyan 3 da rabi suka shiga filaye. A can ne Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko, ya riƙe raga yana ihu. A 1996 suka fara gasarsu ta MLS. Matansu sun ɗauki kofin duniya sau huɗu: 1991, 1999, 2015 da 2019. Hakan bai faɗo daga sama ba. Tun 1972 dokarsu ta hana makarantun da gwamnati ke ba kuɗi su fifita namiji kan mace, har a wasanni. A 2023 Messi ya koma Miami, gasar 2026 kuma aka ba su tare da Kanada da Meziko.

Mu fa, masu sonta kamar rai? Muna biyan dala ashirin a gidan kallo, mu yi gardamar Barsa da Madrid har jijiyar wuya ta tashi. Na ga abokai biyu sun yi sati ba sa gaisawa saboda ƙungiyoyin da ba su san akwai wani kogi wai shi Komadugu ba. Amma ka tambayi masu ihun nan sunan ƴan wasan Mena biyar, sai ka ji tsit. In an ce Mena za ta buga, sai a ja tsaki. Alhali a watan Oktoba na 2010 Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai, Musa Ma'azu ya ci, lokacin Masar na riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. Daga nan muka je gasar Afirka ta 2012 da ta 2013. Wa ke tunawa?

Ƙanena shekararsa 12. Ƙafa ba takalmi yake buga ƙwallo cikin rairayi, duwatsu biyu ne ragarsu. Ƙanwata ta fi shi gudu, wallahi, amma ranar da ta taɓa ƙwallo a ƙofar gida sai da unguwa ta yi magana. Wa ya yi musu wannan? Ba Ba'amurke ba ne.

Za ku ce su masu kuɗi ne, mu kuwa talauci da rashin tsaro sun yi mana katutu. Na yarda; babu ɗan jihar Diffa da zai manta abin da muka gani tun 2015. Amma da aka kawo kokawar takobin ƙasa Diffa a ƙarshen 2022, ba mu cika fili ba? Ashe in abu namu ne, muna iya tashi. Nan ma Amurkawa sun fi mu wayo: sun karɓi wasan baƙi, ba su yar da nasu ba. Mu kuwa ɗan lise na jin kunyar a gan shi yana langa.

Ga abin da nake nema, ba daga gwamnati ba, daga gare mu. Kowace fada ta bar kallon wasa ɗaya a wata. Mutum 20, dala ashirin-ashirin, jika biyu ke nan. Cikin ƴan watanni an sayi ƙwallo da usur. Mu shirya gasar unguwanni lokacin hutu, mu je mu roƙi iyaye su bar ƴan mata su yi tasu a filin lakwal. Ran da Mena za ta buga, mu ce wa mai gidan kallo ita muke so.

In ba za mu iya ko wannan ba, to mu sha shayinmu shiru, mu bar Amurkawa su huta.