Martani ga Malam Hedimasta: Neman Maganin Rashin Natsuwa Ba Shan Ƙwaya Ba Ne

Wani dattijo, tsohon hedimasta, ya aiko da doguwar wasiƙa yana sukar rubutun da na yi a kan manyan mutane masu fama da larurar gaza tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD. Wasiƙar ta yi zafi, amma babu zagi a cikinta, kuma mai ita ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen tarbiyyar 'ya'yan mutane. Irin wannan ba a ba shi amsa a tsaitsaye. Zan bi tuhume-tuhumen nasa ɗaya bayan ɗaya, daga marar nauyi zuwa mai nauyi.

Malam ya ce wataƙila kamfanonin magani ne suka cika mini aljihu. Ranka ya daɗe, ba a biyan mai talla a kan hajar da ba ta kasuwa. Wanda likita ya rubuta wa magungunan wannan larura a ƙasar nan, takalminsa zai sha ƙura kafin ya same su. Na wuce wannan.

Ya kuma ce larurar ƙirƙira ce, Turawa ne suka yi wa lalaci sabon suna don su sayar da ƙwayoyinsu. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Tun a 1798 wani likita ɗan Sukotlan, Alexander Crichton, ya siffanta mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa a kan abu ɗaya, ya kuma lura cewa da yawansu tun suna ƙanana suke haka. A 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan yara masu irin wannan hali. Sai a 1937 ne Charles Bradley ya lura a Amurka cewa amfetamin na sa wasu yaran da suka gagari kowa su zauna su yi karatu, shi kuwa metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, a 1944 aka fara haɗa shi a Suwizalan. An san ciwon shekara fiye da ɗari kafin a sami abin sayarwa. Binciken da aka yi a kan tagwaye kuma ya nuna gado na da kaso mai yawa a cikin lamarin, sama da kashi 70 cikin ɗari. Shi ya sa sau da yawa sai uba ya kai ɗansa asibiti, yana sauraron tambayoyin likita, ya ji kamar labarinsa ake bayarwa.

Inda Malam yake da gaskiya shi ne an shigar da kasuwanci cikin lamarin a wasu ƙasashe. A 2023 shirin Panorama na BBC ya tura ɗan jarida asibitocin kuɗi uku a Birtaniya, duka ukun suka ce yana da larurar bayan hira ta bidiyo, alhali likitan gwamnati da ya zauna da shi ya yi masa dogon bincike ya ce ba shi da ita. Wannan abin kunya ne. Amma gurɓataccen likita ba ya mayar da ciwo ya zama ƙarya.

Batun lalaci kuwa, malalaci yana jin daɗin lalacinsa. Wanda nake magana a kansa shi ne telan da ya fi kowa iya ɗinki a layinsu, amma ya yanka riga biyar bai gama ko ɗaya ba, daren salla yana ɓuya daga masu kaya, yana jin haushin kansa. Ita ce matar da ke ɗora tukunya ta manta, ta ɓatar da makulli sau uku kafin azahar, kishiya na dariya, miji na cewa raini ne. Kuma ba kowace mantuwa ce larura ba. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun 2013 ta ce sai alamomin sun faro kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, sun bayyana a fiye da wuri ɗaya, kamar gida da wurin aiki, kuma sun yi wa rayuwar mutum ɓarnar da ake gani. Wanda hankalinsa ya fara watsewa bara, bayan ya sayi sabuwar waya ko bayan karayar jari, wani abu ne daban ke damunsa.

Tuhuma ta uku ita ce ko da larurar gaskiya ce, ta yara ce, babba ya wuce ta. Ƙididdiga ta nuna kusan yara 5 cikin ɗari ne ke da ita, manya kuwa tsakanin 2 zuwa 3 cikin ɗari. Wasu na warwarewa, wasu na girma da ita. Abin da yakan lafa shi ne ƙiriniya. Mai shekara arba'in ba ya hawa bencin aji, amma yana nan yana katse wa mutane magana, yana makara, yana sauya sana'a duk shekara. Malam ya fi ni sanin ɗalibin da malamai ke cewa yana da kai amma ba ya mai da hankali, wanda bulala ta ƙare a jikinsa ba ta canza komai ba. Ina Malam yake tsammanin yaron nan ya tafi? Ga shi nan ya zama maigida. 'Yan mata ma sun fi shiga uku, domin nasu yakan zo ba hayaniya, sai dai a ga yarinya ta yi shiru tana kallon taga, a ce mata daƙiƙiya, a aurar da ita da abinta.

Yanzu ga tuhumar da ta fi nauyi. Malam ya ce a ƙasar da tiramol da kodin suka cinye matasa, ni kuma ina buɗe wa wata ƙwaya ƙofa. Tsoron nan yana da tushe. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnati a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu tu'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma a shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya girgiza Kano. Ba kuma zan ɓoye ba, metilfenidet da amfetamin suna cikin jerin magungunan da yarjejeniyar duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, ana iya shan su don maye, kuma a jami'o'in Amurka ɗalibai na sayar wa juna su lokacin jarrabawa.

Sai dai tiramol da kodin dangin kashe zafin ciwo ne, hanyarsu a ƙwaƙwalwa daban. Metilfenidet da amfetamin kuwa suna ƙara ƙarfin sinadarai biyu, dofamin da noradirenalin, a sashen gaba na ƙwaƙwalwa mai kula da tsara aiki da taka wa kai birki. Abin da ke jawo maye shi ne yawan abin da aka sha da saurin isarsa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa aka yi nau'in da ke narkewa sannu a hankali, kamar Concerta mai ɗaukar wajen awa 12, da lisdeksamfetamin wanda ba ya fara aiki sai jini ya warware shi. Akwai ma atomoksetin, wanda aka amince da shi a Amurka a 2002, da ba ya sa maye kwata-kwata. Manyan bincike a Suwidin da Amurka ba su ga ƙaruwar shaye-shaye ga waɗanda likita ke ba magani ba, raguwa ma aka gani. Wani bincike na Suwidin da aka buga a 2012, a kan mutum fiye da 25,000, ya gano aikata laifi ya ragu da kashi 32 cikin ɗari ga maza, 41 ga mata, a watannin da suke shan magani. A Denmak kuma an gano a 2015 cewa masu larurar sun ninka sauran mutane wajen mutuwar wuri, akasari ta hanyar haɗari. Ya kamata Malam ya tambayi kansa me saurayin da ba a gano larurarsa ba yake yi da ƙwaƙwalwar da ta hana shi sakat. Ba zama yake yi ba. Mai kemis ɗin bayan layi ya riga ya zama likitansa.

Malam ya kuma yi izgili da abin da na ce, cewa mutum kan gwada magani biyu ko uku kafin ya dace. A ganinsa wannan shaida ce likitoci lalube suke yi cikin duhu, sun mayar da mutane abin gwaji. Na tabbata a cikin abokan Malam akwai masu hawan jini. Ya tambaye su. Wani an fara shi da amlodifin ƙafa ta kumbura, aka sauya. Wani lisinofiril ya sa shi busasshen tari, aka sauya. Babu wanda ya ce hawan jini ƙarya ne saboda haka.

Haka abin yake a nan, kuma yana da tsari. Babu gwajin jini ko hoton kai da zai nuna wane magani zai karɓi wane. Nauyin jiki ma ba ya nuna yawan da mutum ke buƙata, ƙato na iya wadatuwa da kaɗan, siriri ya buƙaci fiye da haka. Don haka likita kan fara da mafi ƙanƙanta, ya ɗan ƙara bayan mako ɗaya ko biyu, yana tambaya: aikin da ka fara ka gama? Barci fa? Abinci na shiga? Da yamma idan maganin ya sake ka, kana yi wa iyali faɗa? Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a 2018 a fara wa babba da lisdeksamfetamin ko metilfenidet, idan an yi mako shida a kan adadin da ya dace ba a ga biyan buƙata ba a koma ɗayan, idan duka biyun sun gaza a gwada atomoksetin. A shekarar ne kuma wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 133 ya nuna dangin amfetamin sun ɗan fi yi wa manya aiki, metilfenidet kuma ya fi dacewa da yara. Kusan bakwai cikin goma na samun sauƙi da na farkon da aka ba su, wasu daga cikin ragowar sai a na biyu.

Mutane da yawa na yanke ƙauna ne saboda rashin sanin abu biyu. Na farko, metilfenidet na yau da kullum awa uku zuwa huɗu yake yi ya fita, wanda ya sha da safe ya ga ya rikice da la'asar sai ya ce magani bai yi ba, alhali lokacinsa ne ya ƙare. Na biyu, atomoksetin ba ya nuna kansa sai bayan makonni, mai gaggawa sai ya watsar da shi a kwana goma. Akwai kuma wanda magani ya ƙi shi domin tun farko ba larurar ke gare shi ba. Ƙarancin barci, ciwon damuwa, fargaba, ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, duk suna watsa hankali. Mai ciwon da ke sa yanayin ran mutum ya hau sama ya faɗo ƙasa kuwa, waɗannan magunguna na iya tayar masa da shi. Ni dai shawarata ga mai wannan neman ita ce ya riƙe ɗan littafi yana rubuta lokacin sha da abin da ya biyo baya, ya kuma je wurin likita da matarsa ko wani na kusa, domin na gefe ya fi ganin canji. Wanda larurarsa mantuwa ce ba a dogara da tunawarsa.

A kan illa ga zuciya, ba zan yi musu da Malam sosai ba. Magungunan na ɗan ɗaga hawan jini da bugun zuciya, suna rage cin abinci, suna hana barci idan an sha su a makare. Wani bincike na Suwidin a 2023 ya danganta shan su na shekaru da ƙaruwar hawan jini. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ma ya ƙi sa metilfenidet a jerin muhimman magunguna a 2019 da 2021, yana cewa hujjojin dogon zango ba su gamsar da shi ba, kodayake ƙwararru da dama sun soki wannan hukunci. Abin da wannan ke wajabtawa shi ne awon jini kafin a fara da kuma bayan an fara, da tambaya ko akwai ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a a dangi. A wurinmu da hawan jini ya yi katutu, likitan da ya tsallake wannan ya yi ganganci.

Daga ƙarshe Malam ya ce addu'a da horon kai sun isa, kuma ina ba marasa cika alkawari uzuri. Ban ce a bar addu'a ba, malamanmu ma ba su taɓa cewa zuwa asibiti ya saɓa wa tawakkali ba. Ban kuma ce magani na ɗauke wa mutum alhaki ba. Ba ya koya wa kowa tsari, ba ya biyan bashin da aka ci. Abin da yake yi shi ne ya ba mutum 'yan awannin da zai iya koyon abin da wasu suka samu a ɓagas: rubuta aiki, sa ƙararrawar waya, gama ɗaya kafin a taɓa na biyu. Horon da Malam yake so, sai a lokacin yake samun wurin zama. Masu tambaya game da azumi kuwa, su zauna da likitansu tun watan Sha'aban a daidaita lokacin sha, kada kowa ya yi wa kansa fatawa.

Malam ya rufe wasiƙarsa da kiran hukuma ta hana shigo da waɗannan magunguna gaba ɗaya. Suna ƙarƙashin tsauraran dokokin NAFDAC tun tuni, kuma matsalarmu ba yawansu ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958 sai a Janairun 2023 aka sa mata hannu. Mutumin Gumel ko Illela da ke zargin yana da wannan larura, sai ya yi tattaki zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri, ya kuma jure a gan shi a layin da jama'a ke kira na mahaukata. Idan ya tsallake wannan duka, aka gano larurarsa, aka rubuta masa takarda, sai ya shiga neman kantin da ke da maganin, wata mai zuwa kuma ya sake sabon nema. Da Malam zai karɓi shawarata, da ya juya kiran nasa: a ajiye magungunan a ɗakunan magani na manyan asibitocin gwamnati kaɗai, a bayar da su da takardar ƙwararren likita, wata-wata, ana rubuta sunan duk wanda ya karɓa a rajista.