Zauren Iyali: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A wannan wata za mu ba ku labarin wata kwamfuta wadda ta kusa raba gida biyu a nan Bagudo. Mun nemi izinin mutanen gidan kafin mu rubuta, amma ba za mu ambaci sunayensu ba.

Wani tsohon ɗalibinmu ya gama sakandare, bai sami shiga jami'a ba tukuna. Ya roƙi babansa ya saya masa kwamfuta irin ta wasanni, domin ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwa. Da yamma samari su biya su buga ƙwallon kwamfuta, da rana kuwa shi ya riƙa gyaran hotunan biki. Uban ya yi nazari, ya sayar da shinkafar da ya noma a fadamar Kwara, ya danƙa kuɗin a hannun ƙanen matarsa. Shi wannan kawun yaro ɗan kasuwa ne, yakan bi ta Tsamiya ya shiga Segbana a ƙasar Benin, wani lokaci har Kotono. Bayan mako uku sai ga shi da kwamfuta sabuwa fil cikin kwalinta, da rasit.

Murna ba ta daɗe ba. Ana cikin wasa sai kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta. Wani lokaci sai fuskarta ta juye shuɗiya, da rubutun Faransanci wanda ba mai iya karantawa a shagon. Samari suka fara neman a mayar musu da kuɗinsu. Aka kai ta wurin wani mai gyara, ya ce sai an yi mata fomatin, watau a share kome a sake zuba mata Windows. Aka yi haka har sau biyu, kuɗi ya tafi, ciwo yana nan.

Ran nan uban ya same mu bayan an tashi makaranta, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, an cuce ni. Tsohuwa ce aka goge aka sa a kwali. Noman shekara guda ke nan ya bi ruwa." Ashe har ya daina amsa gaisuwar ƙanen matarsa, matar kuwa tana tsakiya, ga miji ga ɗan'uwa.

Mu dai ba injiniyoyi ba ne. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta zalla a 2015, dole ta sa muka koyi kula da 'yan kwamfutocin da ɗalibanmu ke gwaji da su. Abin da muka koya bai wuce abu ɗaya ba: ruwa ba ya tsami banza. Inji ba ya mutuwa don mugunta. In ya mutu akwai dalili, dalilin kuwa yakan bar sawu. Saboda haka muka ce wa uban ya ba mu mako biyu kafin ya yanke wa kowa hukunci.

Abu na fari da muka ba yaron shi ne littafin rubutu da biro. Muka ce duk sa'ad da ta mutu ya rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ne, me a ke yi da ita, wace wuta a ke amfani da ita, sa'an nan me ya gani a fuskarta. Ya ce, "Malam, ai ba na jin Faransanci." Muka nuna masa cewa a ƙasan shuɗin allon akwai waɗansu kalmomi da manyan baƙaƙe, su ne sunan ciwon, kuma iri ɗaya ne ko da wane harshe kwamfuta ke magana. Ya ɗauki hotonsu da wayarsa, ya isa. Ga masu sabon Windows 11, ku lura, tun 2025 kamfanin Microsoft ya mai da wannan allo baƙi, amma sunan ciwon yana nan a ƙasa.

Bayan kwana bakwai ya kawo littafin. Ta mutu sau 14. Da muka zauna muka duba, sai muka ga ashe ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne. Sau takwas ta ɗauke ɗif ba wani rubutu, dukansu da dare, ana kan janareta. Sau huɗu wasa ya fara jan ƙafa kafin ta mutu, dukansu tsakanin ƙarfe ɗaya da ƙarfe huɗu na rana. Sau biyu kuwa shuɗin allo ne mai rubutu MEMORY_MANAGEMENT, ba ruwansa da dare ko rana. Da mai fomatin ya ga wannan littafi, da bai wahalar da kansa ba.

Muka fara da wuta. Kwamfutar wasanni ba kamar ta ofis ba ce. In tana zaune kawai, abin da ta ke ci bai kai wat 100 ba. Amma da zarar wasa ya yi zafi, katin hoto da furosesa su kan ja wat 400 ko 500, wata ma fiye. Janaretan shagon kuwa ɗan ƙaramin nan ne wanda a ke gauraya masa mai da baƙin mai, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Kuma ashe maƙwabcinsa mai sayar da ruwan sanyi ya ja waya daga jikinsa zuwa firiza. Injin firiza in zai tashi yakan fizgi wuta ninkin abin da ya ke ci in yana tafiya. Ɗan wannan fizga, wanda ƙwan lantarki ma ƙiftawa kaɗai zai yi, ya isa ya kashe kwamfuta.

Akwai kuma wani abu da mu mutanen bakin iyaka ya kamata mu sani. Ƙarfin wutar Benin da ta Nijeriya kusan ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230. Amma kayan da a ke sayarwa a Kotono sukan zo da fulogi irin na Faransa mai ƙafa biyu zagayayyu, namu soket kuwa mai ƙafa uku ne masu kusurwa. Yaron ya haɗa su da wani ɗan adafta mai araha, yana rawa a cikin soket, har ya fara baƙi. Wayar wutar kwamfuta ana cire ta daga baya, saboda haka muka sayi mai ƙafa uku muka canja. Don mu tabbata, muka ɗauki kwamfutar muka kai gidan wani mai sola da babbar inbata, aka yi ta wasa tun magariba har ƙarfe goma. Ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Ciwo na fari ya bayyana ke nan, kuma ba a cikin kwamfutar ya ke ba.

Sai zafi. Kowa ya san yadda Afrilu ya ke a Kebbi, ma'auni yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano. Da muka je da tsakar rana, muka tarar da kwamfutar a ƙasa, an manna ta da bango, an lulluɓe ta da wata kyakkyawar riga ta atamfa. Uwar yaron ce ta ɗinka da hannunta don kada ƙura ta shiga. Niyya mai kyau ce, amma ta toshe duk kafofin da iska ke bi. Muka zuba wata manhaja ta kyauta mai suna HWMonitor, wadda ke nuna zafin cikin inji, muka ga furosesa ta kai digiri 98. Masu ƙera ta sun yi ta ne yadda in ta kusa digiri 100 za ta rage gudu don ta ceci kanta, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Jan ƙafar da yaron ya rubuta ke nan. Muka cire rigar, muka ɗora kwamfutar a kan tebur, muka bar taƙi biyu tsakaninta da bango, muka sa fanka. Zafi ya sauka ƙasa da 85. Rigar ba a yar da ita ba, ana rufe kwamfutar da ita in an tashi aiki ta huce.

Saura na uku, wanda ya ke a cikin cikinta. Sunan da ya fito a shuɗin allo yana nuna wajen RAM, watau waɗansu 'yan sanduna inda kwamfuta ke ajiye abin da ta ke aiki da shi a lokacin. Akwai manhajar gwada su mai suna MemTest86, a kan bar ta tana aiki dare ɗaya. Da safe muka ga ta kama kurakurai. A nan muka tsaya, gama buɗe sabon inji ba tare da sanin mai shago ba yakan ɓata garanti. Mai lambar wayar shagon Kotono kuwa mutum ɗaya ne.

Yaron ya je da kansa. Ya ce, "Kawu, don Allah ka zo ka taimake mu." Kawun bai yi musu ba. Ya kira shagon, suka yarda a buɗe. Muka zare waya daga bango, muka taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin mu sa hannu, saboda tartsatsin nan da ke taruwa a jikin mutum lokacin rani yana iya ƙona ƙananan kaya. Da muka duba sai ga sanda ɗaya ta ɗago, maƙallinta na gefe a buɗe. Ba abin mamaki ba ne ga kayan da suka yi tafiyar fiye da kilomita 600 daga Kotono, ta Faraku da Kandi, sa'an nan suka sha gargada har Tsamiya. Muka danna ta har ta ce ƙas. Aka sake gwaji dare guda, ba kuskure ko ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa kaya ba sa zuwa da lahani daga masana'anta. Suna zuwa. A 2024 kamfanin Intel ya amsa da bakinsa cewa waɗansu furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suna jan wutar da ta fi ƙarfinsu, abin da ya sa kwamfutocin wasanni suka yi ta mutuwa a ƙasashe da yawa. Ya fito da gyara wanda a ke zubawa ta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Wanda ya ke da irin wannan, ya nemi masani ya zuba masa gyaran. Amma ko a nan, mai rasit da littafi shi ke da bakin magana. In ka je wurin mai shago ka ce "tana mutuwa" kawai, zai ce wutar garinku ce. In ka ajiye masa littafi ka ce mun gwada wuta, mun gwada zafi, ga abin da ya saura, to, dole ya saurare ka.

Saboda haka, iyaye, in irin wannan ta faru a gidanku, ku fara da abin da ke waje kafin na ciki, ku fara da na banza kafin na kuɗi. Ku canja abu ɗaya kaɗai a lokaci guda, ku jira ku gani, gama wanda ya sha magani uku rana ɗaya ba zai san wanda ya warkar da shi ba. Kafin a sayi kwamfutar wasanni a lissafta kuɗin wutar da za ta riƙe ta, da na UPS, ɗan akwatin batir ɗin nan mai tare ta in wuta ta yi rawa. Sitabilaiza kaɗai ba ta riƙe inji in wuta ta ɗauke. Abu ɗaya kuma muna gargaɗi ƙwarai: kada yaro ya kuskura ya kwance akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, wanda waya ke shiga cikinsa. Yakan riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Da muka bayyana wa uban duk abin da aka gano, ya yi shiru ya daɗe. Sa'an nan ya ce, "Malam, laifi tudu ne." Gyaran inji ya ɗauki kwana goma sha biyu, amma sai da aka ƙara mako guda kafin ƙafarsa ta iya zuwa ƙofar gidan ƙanen matarsa. Ya je dai, da kwaryar shinkafa. An ce mana kawun yana ganinsa ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe janaretanka ne ɓarawon, ba ni ba." Da wasa ya dawo tsakaninsu, muka san an gama.

Yanzu yaron yana tara kuɗin sola, mai firiza kuma ya nemi nasa janareta. Littafin yana nan rataye a ƙusa a bangon shago. Wata uku ke nan ba a ƙara masa layi ko ɗaya ba.

In akwai mai irin wannan damuwa a gidansa, ya rubuto mana, amma ya haɗa da littafinsa na mako guda. Sai mun sadu a wata mai zuwa.