Wa Ya Sa Wa Lulu Tufafin Mata?

Akwai wata ɗabi'a da ta fara kama mu wajen karatun tarihi, wadda in ba a tsawata ba za ta zame mana ciwo. Ɗabi'ar kuwa ita ce yanke wa mutanen da hukunci daga ganin hotonsu kawai. Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na masu alkafura da lilo da tafiya kan igiya a gidajen wasan Turai da Amurka da ake kira sakas, musamman mazan cikinsu da suka yi suna cikin shigar mata a ƙarni na 19 da farkon na 20.

Hotunansu na nan birjik a intanet, masu magana a kansu kuwa sun kasu gida biyu. Na farko da sun ga hoton sai su taɓe baki su ce ai 'yan daudun Turawa ne, shi ke nan an wuce wurin. Na biyu, waɗanda wasu marubutan Turai ke yi wa jagora, sai su ce ai jarumai ne da suka riga zamaninsu, suka zaɓi su bayyana kansu yadda suke ji a rai. Ni dai a ganina dukansu kallon kitse suke yi wa rogo, domin babu wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi: wa ya sa musu tufafin, kuma aljihun wa kuɗin ƙofa suka shiga?

Mu fara da Lulu. An haife shi a Amurka cikin 1855, sunansa Samuel. Yana ƙarami wani gwanin tafiya kan igiya mai suna William Leonard Hunt, wanda duniya ta sani da Farini, ya ɗauke shi riƙo. Farinin nan shi ne ya ƙetare ƙoramar Nayagara a kan igiya cikin 1860, kuma mutum ne da ya san inda kuɗi suke kwana. Cikin 1866 ya fito da yaron a Landan yana wasan lilo a matsayinsa na namiji. Cikin 1870, yaro na da shekara 15, sai ga shi a Faris da dogon gashi da kayan mata, ana shelar wai ga budurwa Lulu. Farini ya ƙera wata na'ura da aka ɓoye a ƙarƙashin dandamali, wadda kan cilla yaron sama kamar an harba kibiya. Jama'a suka yi ta tururuwa, maza suna ta begen budurwar da babu ita. Asiri bai tonu a fili ba sai da ya yi hatsari a wajen wasa a Dablin, kafin shekarun 1870 su ƙare.

To, jama'a, ku gaya mini, yaron da ci da sha da makwancinsa ke hannun mutum guda, mutumin nan kuma shi ne uban riƙo, shi ne malami, shi ne mai karɓar kuɗi, yaya za a kira shigarsa zaɓi? Wanda ya zage shi ya zalunce shi, wanda ya yi masa kirarin jarumin 'yanci kuma ya wanke Farini ne bai sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce Lulu kaɗai ne. Kafin shi an yi Omar Kingsley, shi ma Ba'amurke, wanda wani mai gidan wasa, Spencer Stokes, ya ɗauka tun yana yaro, ya koya masa wasa a kan doki, ya sa masa kayan mata, ya raɗa masa suna Ella Zoyara. Da wannan suna aka zaga Turai da shi cikin shekarun 1850, manyan mutane suna ta aiko wa "budurwa" da kyaututtuka. Daga baya ya yi aure, ya kuma rasu a Bombai ta Indiya cikin 1879. Ɗinkin dai ɗaya ne: ƙaramin yaro, babban maigida, da 'yan kallon da aka yi wa rufa-ido.

Sai mu tambaya, don me masu gidajen wasa suka ɗauki wannan wahala? Ruwa ba ya tsami banza. Turawan wancan zamani sun ɗauki mace a matsayin abu mai rauni, wadda iyakarta falo da ɗinki. Saboda haka alkafurar da namiji zai yi a tafa masa sama-sama, in aka ce mace ce ta yi sai gari ya ɗauka. Abin da ake sayarwa a ƙofa shi ne mamakin 'yan kallo, mamakin nan kuwa daga raina mata ya samo asali. Ga shi kuwa matan gaske suna nan suna ƙaryata rainin. Cikin 1877 wata yarinya da ake kira Zazel ta shiga bakin igwa aka harbo ta a Landan, kuma Farinin dai shi ne maigidanta. Cikin 1879 mai zane Edgar Degas ya zana wata baƙar mace, Miss La La, ana janye ta har rufin gidan wasa a Faris tana riƙe da igiya da haƙoranta. Me ya hana masu tsegumin tufafi tunawa da waɗannan? A shekarar 1879 ɗin ne kuma majalisar Ingila ta yi dokar hana sa yaran da ba su kai shekara 14 ba cikin wasanni masu hatsari. Ashe tun a lokacin akwai masu hankalin da suka gane inda gizo ke saƙa.

Na san wani zai miƙe ya ce, to Barbette fa? Madalla, shi ma hujjata ce. Sunansa Vander Clyde, mutumin Teksas. Shi ma da sharaɗin wani ya fara: ɗaya daga cikin wasu mata biyu masu wasan lilo ta rasu, wadda ta rage ta ɗauke shi ya maye gurbinta, muddin zai sa kayan mata. Amma da ya girma sai ya kafa wasansa shi kaɗai, ya zaɓi sunansa da kansa, ya isa Faris cikin 1923 ya girgiza garin. Zai yi wasansa kan waya da lilo cikin shigar mata, in ya gama sai ya tuɓe gashin kansa a gaban kowa, ya tsaya tsayuwar maza. Marubuci Jean Cocteau ya rubuta maƙala a kansa cikin 1926. Ku duba bambancin: sirrin Lulu jarin maigidansa ne, shi ya sa aka yi shekaru ana ɓoyonsa, Barbette kuwa shi ke tona nasa da hannunsa kowane dare, domin nasa ne. Duk wanda ya yi wa mutanen nan biyu kuɗin goro, ko don zagi ko don yabo, to tufafi ya karanta, bai karanta tarihi ba.

Abin da nake kira gare shi bai da wuya. Mu da muka zo jami'a don nazarin harshe da adabi mun fi kowa sanin cewa suna linzami ne, in ka ɗaura wa mutum wanda ba nasa ba, ka ja shi inda bai nufa ba. Kalmar ɗan daudu tana da nata gida da nata tarihi a ƙasar Hausa, ba ta san Dablin ba. Kalmomin da Turawan yau ke yayi su ma ba a haife su ba lokacin da ake cilla Lulu sama. Kafin mu laƙaba wa kowa suna, mu fara tambayar shekarunsa, da wanda ke riƙe da shi, da wanda ya ƙirga kuɗin bayan an tashi wasa. Wanda kuma yake ganin ba haka ba ne, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke.