Ra'ayi: A auna wutar waifa kafin a ce injinta ya ƙone

Daga watan Yuni zuwa Satumba, duk direban da ke bin hanyar Maradi zuwa Jiratawa, ko ya nufi Tibiri a kan babbar hanya ta RN1, ya san yadda hadari ke haɗuwa cikin 'yan mintoci ya rufe gaban mota ruf. A wannan lokacin ne ake gane motocin da waifarsu, wato abin goge gilashin gaba, ta daɗe da mutuwa. Sai ka ga direba ya leƙo da kai ta taga, ko yaron mota ya miƙa hannu da tsumma yana goge gilashi, alhali an cika motar da fasinja da buhunan zogalen da aka ɗauko daga fadamar Jiratawa.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan ruwa ya rufe wa direba gani na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar mita 75 a makance, a kan hanyar da amalanke da 'yan kabu-kabu da dabbobi ke bi. Wanda ya ga daminar 2024, lokacin da ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a jihar Maradi, ya san irin ruwan da ake magana a kai.

A ganina laifin ya rabu biyu: sakacin masu motoci, da kuma ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a garejinmu, ta sauya kaya ba tare da an auna wuta ba. Da zarar waifa ta tsaya, sai a ce injinta ya ƙone, a tura mai mota neman wani. Direban da bai da kuɗin sabon inji sai ya haƙura ya ci gaba da aiki a haka. Sau da yawa kuwa abin da ya lalace bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Waifa tana aiki ne da wutar batir mai ƙarfin bolt 12. Wutar tana bi ta fiyus, ta wuce makunnin da ke jikin sitiyari, a wasu motocin ta ratsa rile, sannan ta isa ƙaramin injin da ke ƙasan gilashi, ta koma batir ta ƙarfen jikin mota. Ko'ina aka samu yankewa a wannan zagaye, waifa za ta tsaya. Shi ya sa mai gyaran wutar da ya san aikinsa yake farawa daga abu mafi araha. Zai duba fiyus tukuna, sannan ya sa ƙwan gwaji ko mitar awon wuta a soket ɗin injin. Idan wuta ba ta iso ba, matsalar tana baya, a makunni ko rile ko wata waya da ta tsinke. Idan wuta ta iso amma injin bai motsa ba, sai ya duba inda injin ke haɗuwa da ƙarfen mota, domin tsatsa kaɗai tana iya hana wuta komawa. Sai an wuce duk waɗannan ne ake da hujjar zargin injin.

Ita ma waifar tana faɗin ciwonta ga mai saurare. Idan kana jin ƙarar inji amma hannuwan ba su motsi, wuta lafiya take, noti ne ya kwance ko sandunan da ke juya hannuwan suka fita daga mazauninsu. Idan tana aiki a gudu ɗaya kawai, a duba makunni da 'yan guntayen gawayin da ke cikin injin, domin kowane gudu da nasa. Idan kuma tana tsayawa a tsakiyar gilashi bayan an kashe ta, akwai wani ɗan makunni a cikin akwatin injin da ke mayar da ita mazauninta, shi ne ya ci ko ya yi datti.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Kusan wata takwas waifa take yi a kwance ba a taɓa ta ba. Ƙurar hunturu ta shige gaɓoɓinta, zafin Afrilu da Mayu ya busar da giris, ya ƙeƙasar da robar. Ranar ruwan farko aka kunna ta, injin zai yi ta fama da sandunan da suka cije, ya ja wuta fiye da ƙima, fiyus ya ƙone. Nan fiyus ya yi aikin da aka sa shi, ya ceci injin. To a nan ne ake tafka kuskure mafi haɗari: a naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, ko a sa wanda ya fi shi ƙarfi. Launin fiyus ba ado ba ne. Ja amfa 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya sa kore a gurbin rawaya ya bar wayoyin motarsa su yi zafi a madadin fiyus, kuma daga nan gobara ke tashi. Fiyus ɗin da ke ƙonewa a kai a kai yana nuna ko dai waya tana taɓa ƙarfe, ko sanduna sun cije, kuma can ya kamata a nemi maganin.

Masu gyara suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce mai mota ba ya biyan kuɗin bincike. Idan ka ɓata awa guda ka gano tsatsa ce, ka kankare ta, zai ce ai ba ka sa komai ba, ya miƙo maka abin da bai taka kara ya karya ba. Amma idan ka sauya inji, zai biya ba musu. Wannan gaskiya ne, kuma mu masu motoci ne muka koya musu hakan. Matuƙar ba mu ɗauki ilimin gano matsala a matsayin aikin da ake biya ba, za mu ci gaba da sayen kayan da ba mu buƙata. Gara ka biya mai gyara hakkin awonsa da daɗin rai, da ka sayi tsohon injin da ba ka san ranar mutuwarsa ba.

Akwai abin da kowa zai iya yi. Shugabannin direbobi a tashoshin Maradi suna da ikon hana mota lodi, don haka babu abin da zai hana su sa kowane direba ya kunna waifa a gabansu kafin ya ɗauki fasinja a lokacin damina. Aikin daƙiƙa goma ne. Masu binciken lafiyar motoci da jandarmomin da ke kan hanya su riƙa duba ta kamar yadda suke duba fitila da birki. 'Yan uwanmu da ke Libiya da Aljeriya da Kwaddibuwa da Turai, masu aiko da mota ko kuɗin gyara gida, su haɗa da mitar awon wuta ga ƙanen da ke koyon aiki a gareji, domin ita ce za ta bambanta shi da mai canki-canka. Fasinja kuma yana da bakin magana: idan hadari ya haɗu, ya tambayi direba ko waifarsa na aiki kafin ya biya kuɗin mota.

Shi kuwa mai mota, watan Mayu ne lokacinsa. Ya zuba ruwa a gilashi, ya gwada kowane gudu, ya sa giris a gaɓoɓi, ya sauya robar da ta tsage, ya ajiye fiyus biyu masu lambar da ta dace a cikin mota. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye hanya.