Ko Ya Dace Gwamnati Ta Yafe Wa Kamfanoni Haraji?

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, ina so mu ɗan tattauna a kan wata magana wadda da jinta mutum zai ce ba ruwan malamin makaranta da ita. Maganar kuwa ita ce, ko ya dace Gwamnati ta riƙa yafe wa manyan kamfanoni haraji domin ta jawo su su kafa masana'antu a ƙasarmu? Ni dai ra'ayina shi ne a yi rangwame, amma kada a yi cinikin biri a sama. Sai an ga aiki a ƙasa kana a yafe. Ga dalilaina.

Da farko bari mu ga inda abin ya samo asali. Tun zamanin Turawa, a cikin 1952, aka yi dokar taimakon kamfanonin da su ka share fagen wata sabuwar sana'a a Nijeriya. Aka sake ta a 1958, aka kuma sake ta a 1971. Bisa ga dokar 1971, a da kamfanin da aka yarda ya share fage a kan ba shi hutun harajin riba na shekara uku, in an ga dama a ƙara masa biyu, watau shekara biyar ke nan ba ya biyan ko kwabo a kan ribarsa. Hujjar masu wannan shawara ba ta banza ba ce. Su kan ce mai kuɗi baƙo ne, ƙasashe da yawa su na zawarcinsa, in ba mu shimfiɗa masa tabarma ba zai wuce Gana ko Masar. In kuwa ya zauna, samarinmu za su sami aiki, manomi ya sami mai sayen audugarsa, bayan shekara biyar kuma baitulmali ta fara karɓa. Wannan magana ce mai kan gado, ban kuwa raina ta ba.

To, amma bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan aji huɗu. Harajin ribar manyan kamfanoni ya daɗe a kan kashi 30 cikin ɗari. A ce wani kamfani ya ci ribar naira miliyan 1,000 a shekara, harajinsa miliyan 300 ke nan. In an yafe masa shekara biyar, baitulmali ta yi asarar miliyan 1,500. A ce kuma ga wani kamfani na biyu, ya sayo injuna masu tsada, ya na koya wa ma'aikata aiki, har shekara biyar ɗin ta wuce bai ci riba ba. Me aka yafe masa? Ba kome, gama wanda bai ci riba ba dama ba a binsa harajin riba. Kun ga ashe hutun haraji ya fi amfanar wanda ya zo ya tarar da kasuwa a buɗe, wanda ko ba a roƙe shi ba zai zo. Mai aikin wahala kuwa, wanda mu ka fi bukata, ya tashi a tutar babu.

Na biyu, mu tambayi kanmu, me ke kawo masana'anta gari, me kuma ke korarta? Mu dubi Kaduna. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead. Kowa ya san abin da Kaduna ta mallaka a lokacin: ga audugar ƙasar Zazzau da Katsina kusa, ga hanyar jirgin ƙasa, ga ruwan kogi, ga kuma miliyoyin masu sayen yadi. Waɗansu masaƙu su ka biyo baya, har Kakuri ta cika da ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan. Amma a 2002 masaƙar nan ta rufe, a 2007 kuma babbar masaƙar United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a Kaduna. Abin da ya karya su shi ne rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da atamfar fasa-ƙwauri mai araha wadda ta cika kasuwanni. Masaƙar da ke faɗuwa kowace shekara, ko an yafe mata harajin riba na shekara ɗari ba zai tashe ta ba.

Haka abin ya ke a Kudu. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta tayar mota a Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008. A 2023 Procter & Gamble ya ba da sanarwar zai daina ƙera kaya a Nijeriya, ya koma shigo da su daga waje, saboda wahalar canjin kuɗi. Duk wanda ya bi labarin waɗannan kamfanoni zai ga kukansu a kan wuta ne, da tsadar aiki, da kayan waje, da dala. Wuta da hanya da tashar jirgin ruwa kuwa da kuɗin haraji a ke yinsu. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. In Gwamnati ta yafe kuɗin da za ta gyara hanya, da me za ta riƙe baƙon da ta gayyato?

Yanzu ga inda maganar ta shigo har cikin ajinmu. A 1993 aka kafa harajin ilimi, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, daga baya aka ɗaga shi har ya kai kashi 3 a 2023. Da wannan kuɗi asusun TETFund, wanda ya sami wannan suna a 2011, ya gina ɗakunan karatu da na littattafai a jami'o'i da kwalejojin horon malamai na Gwamnati, ya kuma tura malamai ƙaro ilimi. Wanda ya zaga irin kwalejojin nan zai ga sunan asusun a jikin gine-gine. Saboda haka harajin kamfani ba wani abu ne mai nisa da mu ba, rufin da ke kanmu ne. Kamfanin ma da kansa, ina zai sami akawu da injiniya da makaniki in babu malamin da ya koya musu karatu tun daga firamare? Wanda ya sha inuwar itace, ai bai kamata ya ƙi zuba masa ruwa ba.

Akwai kuma maganar adalci. Kakanninmu sun biya haraji da jangali, ba wanda ya taɓa ba su hutun shekara biyar. Yau ma malamin makaranta tun kafin albashi ya iso hannunsa a ke cire nasa, mai tireda kuma kullum ya na yankar tikiti a kasuwa. In su ka ji an yafe wa attajiri miliyoyi a ɓoye, sai su ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da talaka ya ɗauka haraji nasa ne shi kaɗai, ranar ce zai fara neman hanyar zillewa.

Wani abin lura kuma, duniya ta sake. A 2021 ƙasashe fiye da 130 su ka amince cewa manyan kamfanonin da ke aiki a ƙasashe da yawa su riƙa biyan aƙalla kashi 15 cikin ɗari. Ingila da Faransa da waɗansu sun fara aiki da wannan a 2024. Ma'anarsa, in mun yafe wa irin wannan kamfani a nan, ƙasarsu ta na iya karɓar cikon a can. Watau mun ɗauki tuwon gidanmu mun kai wa wanda ya ƙoshi.

To, wane irin rangwame na yarda da shi? Wanda a ke gani da ido. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wani umurni wanda ya ba kamfani damar gina hanya da kuɗinsa, sa'an nan a cire masa daga haraji. Da irin wannan tsari kamfanin Dangote ya yi hanyar kankare daga Obajana zuwa Kabba a Jihar Kogi, kamfanin gas na NLNG kuma ya ɗauki aikin hanyar Bodo zuwa Bonny a Jihar Ribas. Ko wannan ma da aibinsa, domin kamfani ya kan zaɓi hanyar da ta bi ta ƙofarsa, ƙauyen da ba shi da masana'anta kuwa sai ya yi ta jira. Duk da haka hanya ta na nan, kowa na iya takawa ya auna. Sabuwar dokar haraji wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025, aka kuma sa mata 1 ga Janairu 2026 ta fara aiki, ta bi wannan sawu. Ta maye gurbin tsohon hutun da rangwamen kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da kamfani ya kashe a kan gini da injuna, kowace shekara har shekara biyar. A ganina an matso kusa da gaskiya, gama wanda bai kashe ba ba zai karɓa ba.

Saura sharuɗɗa uku da na ke roƙo a riƙe. A buga sunan duk kamfanin da aka yi wa rangwame, da yawan kuɗin, kowace shekara, yadda ɗan makaranta ma zai iya karantawa. A rubuta yawan 'yan ƙasa da zai ɗauka aiki ya kuma horar, in ya kasa ya mayar da abin da aka yafe masa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sa'an nan in wa'adi ya cika ya cika, kada kamfani ya sake suna ya dawo a matsayin sabon baƙo.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne za mu tsaya gaban yara mu na koya musu haƙƙin ɗan ƙasa. Idan yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me babana ya ke biya, mai masana'anta ba ya biya?" ya kamata a ce mu na da amsar da za mu ba shi ba tare da mun sunkuyar da kai ba. Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, musamman 'yan sashen tattalin arziki, don Allah ya rubuto wa Edita mu ji tasa hujjar a fitowa ta gaba.