Ajin zana da jiran albashi: yadda shekarar karatu ke ƙarewa a makarantun gwamnati

A takarda, makarantun gwamnati a Nijar suna buɗewa farkon Oktoba su rufe ƙarshen Yuni, wato wata tara. Malamin da ke riƙe da aji a ƙauyukan Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san lissafin bai kai haka ba. A wurinsa babbar matsalar ita ce kwanakin da yaro ke rasawa, kuma abu biyu ne suka fi cinye su: ajin zana da halin da malaman kwantaragi ke ciki.

Ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi, don sai an cire hatsi ake samun karan da za a yi rumfa da shi. A garuruwa da dama sai cikin Nuwamba iyaye ke haɗa kara da itace, kafin nan malami na zaune, yara na gona. Idan ruwan farko ya sauka a Mayu ko Yuni, iska ta kwashe rumfar, karatu ya tsaya ke nan. Tsakanin nan kuma ga hunturu da ƙura, yara zaune a ƙasa, allo jingine da icce.

Haɗarin bai tsaya ga ɓata lokaci ba. A Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kimanin 20 a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai. A Nuwamban wannan shekara wata ta ci yara sama da 20 a birnin Maraɗi. Hukumomin lokacin sun ce akwai azuzuwan zana kusan 36,000 a faɗin ƙasa. An gina wasu da siminti tun daga nan, amma a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, sabbin ɗalibai sun fi sabbin azuzuwa saurin ƙaruwa. A 2024 ambaliya ta ƙara dagula lamarin: an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma waɗanda ruwa ya raba da gidajensu sun fake a ciki.

Abu na biyu shi ne malamin kansa. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta koma ɗaukar malamai bisa kwantaragi don buɗe makarantu da yawa da kuɗi kaɗan, har suka zama su ne mafi yawa a firamare. Shekaru da dama ɗan kwantaragin firamare yana karɓar jika 75 a wata. Idan kuɗin suka yi jinkiri, bashi yake ci wurin mai shago. Idan sun fito, sai ya bar aji ya tafi birni karɓa, wani lokaci tafiyar ta ci kwana biyu ko uku. Yajin aikin da ƙungiyoyin malamai suka sha yi kan wannan batu shi ma daga kwanakin yaro ake cire shi.

Ana yawan ɗora wa malamai laifin faɗuwar ilimi, ana kafa hujja da jarrabawar da aka yi wa ƴan kwantaragi a 2017, inda kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka samu rabin maki. Malamai ba su musanta sakamakon ba. Abin da suke tambaya shi ne wa ya ɗauki mutum ba tare da isasshen horo ba, ya tura shi ajin da yara suka haura 70, littafi ɗaya na yawo tsakanin yara da yawa.

Buƙatunsu ba boyayyu ba ne: a biya albashi kan lokaci kuma kusa da wurin aiki, a riƙa shigar da ƴan kwantaragi cikin ma'aikatan dindindin bisa tsari sananne, a ba su horo a kai a kai, a gina azuzuwa masu ɗorewa. Tun 2016 aka miƙa wa kananan hukumomi wani ɓangare na kula da makarantun firamare, amma nauyin ya riga kuɗin isowa. Shi ya sa sau da yawa kwamitin iyaye da ƴan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga Legas, Abijan ko Libiya ke cike giɓin.

Mai hali a birni yana kai ɗansa makarantar kuɗi. Ɗan manomi kuwa ba shi da wata sai ta gwamnati, kuma jarrabawa ɗaya za su zauna da ɗan birni a ƙarshen shekara, ko da wata shida ya samu a aji maimakon tara.