Ƙonni da Gadon Mulkin Mallaka

A watan Mayu na 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta karkashe jama'a masu ɗimbin yawa. Da haka wannan yanki ya fara sanin Faransa. Abin da ya biyo baya shi ne harajin kai, da jangali, da aikin dole na gyaran hanyoyi, wanda ba a soke ba sai 1946. Manoma da yawa suka riƙa tsallakawa ƙasar Sakkwato domin su huta da wahala.

Talaka ya biya, amma me ya samu? Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, 'yan mishan ne suka gina shi, ba gwamnati ba. Lokacin da aka sami 'yanci a 1960, ƙalilan ne cikin yaran Nijar suke zuwa makarantar boko. Masana'antar siminti ta Malbaza ma sai bayan 'yanci ta samu.

Muna kira ga hukumomi: harajin mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela ya komo musu a matsayin makaranta, ruwan sha, asibiti da rumbunan adana albasa.